Babi na Biyar: Rigar Baƙo a Otal

"Kawu, wai can ɗin wane irin kaya ake sawa?"

Ɗan yayata ne ya yi mini wannan tambaya bayan sallar isha'i, muna zaune a ƙofar gida a Kademi. Malamin firamare ne, an sa sunansa cikin waɗanda za su je bita ta kwana huɗu a Kaduna, kuma takardar ta ce a otal za a sauke su. Kuɗin mota bai dame shi ba, hanya ma ya san ta. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kada ya shiga cikin mutane ya zama abin nuni. Har ya fara zancen aron kwat a wurin wani abokinsa da ke aikin banki a Kano.

Ba shi kaɗai ba ne. Ungozomar da aka tura kwas Abuja, da kansilan da za a kai taro Dutse, da mai fataucin shanu da ya yi lodi a Wudil zai bi kuɗinsa Legas, da tsohon da kujerar Makka ta faɗo masa bana, duk tambayar nan tana bakinsu. Kunya ce kawai take hana yawancinsu furtawa.

Zango yana da mai gida

Tafiya ba baƙuwarmu ba ce a ƙasar Gaya. Tarihin baka ma cewa ya yi maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga Gaya suka taso suna neman tama, shi ya sa ake kiran su Abagayawa. Fataken ƙasar Kano kuwa watanni suke shafewa a hanya da jakuna, su kai Gwanja su saro goro. Amma duk nisan tafiyar, ba a taɓa jin falke yana tambayar rigar da zai sa a masauki ba. Dalili kuwa shi ne yana da mai gida.

A Salaga, ko zangon Kumasi, ko unguwar Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916, baƙo ba ya yawon neman ɗaki. Gidan mai gidansa yake nufa. Shi zai ba shi wurin kwana, ya sa a kawo masa tuwo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, in ana batun bashi ya tsaya masa. Ko rigar baƙo ta yi futu-futu da ƙurar hanya, kowa ya san baƙon wane ne, kuma darajar mai gidan ta lulluɓe shi.

Otal ya ɗauke mai gida, ya bar ɗaki da makulli. Yaron da ke zaune a risefshan bai san mahaifinka ba, bai san buhun gero nawa ka ɗaure bara ba, bai san kai ne limamin unguwarku ba. Abin da idonsa ya gani a minti ɗaya na farko da shi zai auna ka. Aikin da mai gida yake yi wa falke, wato ya ce "wannan nawa ne, a girmama shi", yanzu ya koma wuyan rigarka da hularka da takalminka.

Akwai kuma wani nauyin da ita kanta kalmar ta ɗauko. A ƙauyukanmu har gobe in aka ce an ga wane a otal, ba kwana ake zaton ya je yi ba. Iyayenmu sun san sunan Central Hotel da Daula a Kano, sun ji labarin Hamdala a Kaduna da Durbar wanda aka gina saboda bikin FESTAC na 1977, amma a wurinsu waɗannan wuraren Turawa ne da manyan gwamnati. Sauran kuwa da gidan giya ake haɗa su. Yau abin ya canza, malamai da 'yan kasuwa da matan aure da mazajensu duk suna sauka, sai dai zargin bai gama wankewa ba. Wanda ya shiga cikin shigar kamala ya rage wa kansa surutu tun daga bakin get.

Ina zaure, ina turaka?

Hanya mafi sauƙi ta gane abin da ya dace ka sa ita ce ka ɗora otal a kan fasalin gidanku. Kowane Bahaushe ya san akwai rigar da ake zama da ita a turaka, akwai ta tsakar gida, akwai ta zaure, akwai ta fita kasuwa. Ba wanda ya koya mana wannan a aji.

Ɗakin da aka ba ka shi ne turakarka. Ka zauna da singileti da gajeren wando, ko ka yi ɗaurin ƙirji in mace ce, ba ruwan kowa. Inda mutane suke yin kuskure shi ne abin da ke bayan ƙofar. Doguwar barandar nan mai shimfiɗe da kafet, da yake a rufe take kuma shiru, sai ta yi wa baƙo kama da tsakar gida. Ba tsakar gida ba ce, layi ne. Mutanen da ke ɗakunan dama da hagu ba 'yan uwanka ba ne, kuma a yawancin manyan otal akwai kyamara a saman kanka. Na sha ganin dattijo mai furfura ya fito da tawul a ƙugu yana ƙwala wa ma'aikaci kira ruwan zafi ya ɗauke, alhali ga waya a gefen gadonsa da zai danna a zo. A gida ba zai taɓa leƙa ƙofar gida a haka ba.

Falon ƙasa inda ake karɓar baƙi shi ne zaure. Nan za ka gamu da wanda ya zo ganinka, nan za ka yi kiciɓis da tsohon shugabanka da ba ka san yana garin ba. Ɗakin cin abinci kuwa ka ɗauke shi kamar gidan suna da safe: ba a buƙatar babbar riga, amma ba a zuwa da kayan barci.

Maganin duk wannan riga ɗaya ce. Jallabiya mai ɗan kauri, wadda ba ta nuna jiki, mai duhun launi, a rataye kusa da ƙofa. An ƙwanƙwasa, ka zura. Za ka sauka karin kumallo, ka zura ka ɗora hula. Sallar asuba a masallacin otal, ita ce dai. In ƙararrawar gobara ta tashi da tsakar dare, ba za ka tsaya lalubar wando ba. Ga mata, doguwar riga ko abaya mara nauyi da hijabi su ne daidai wannan. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak daga cikin babin nan, wannan rigar zan zaɓa.

Baturen da ba a kalla ba

A watan Janairun 1824, Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila, ya iso bakin ganuwar Kano bayan ya ratso Sahara da Borno. Ya sha jin labarin birnin, saboda haka ya ciro kakinsa na soja ya caɓa ado iya ƙarfinsa don ya burge Kanawa. Da kansa ya rubuta cewa wahalar banza ya yi: ba wanda ya ko waiwayo ya dube shi, kowa harkar gabansa yake yi.

Duk lokacin da na ga mutum ya shigo falon otal da malum-malum mai aiki har ƙasa da ƙarfe bakwai na safe, yana ta naɗe hannun riga don kada ya faɗa cikin kofin shayi, sai in tuna da Clapperton. Mutanen da ke wurin kowa lissafinsa yake yi. Ba a lura da wanda ya yi shiga daidai. Wanda ya zarce ko ya gaza shi ake kallo, kallon da ba na sha'awa ba.

Kwat ɗin aro ma haka. Na hana ɗan yayata, ba don kwat haramun ba ne. Wanda ya saba da ita tana yi masa kyau. Amma wanda bai taɓa ɗaura laktaye ba, ranar da ya fara sai ka gan shi yana ta jan wuya kamar ragon da aka ɗaure da sabuwar igiya, ga hannun rigar ya wuce yatsu tun da ba a jikinsa aka gwada ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Kuma babu wani babban otal a Nijeriya da kaftani da hula ba sa shiga da kai a ɗage. Je ka falon Transcorp Hilton na Abuja, wanda aka buɗe a 1987 da sunan Nicon Noga Hilton, ka zauna rabin awa ka ƙirga. Manyan da ake rububin gaisarwa akasarinsu kaftani ne a jikinsu, irin wanda telan Gaya zai iya ɗinka maka in ka kai masa yadi mai kyau ka kuma ba shi lokaci.

Yadin da ke jure jaka

Nan ne ainihin maganar take, domin rigar da ta yi kyau a jikin ƙusa a ɗakinka ba lallai ta yi kyau bayan ta kwana a jaka ba. Daga Kademi sai ka bi ta gadar Wudil, ka wuce Mariri inda ake sauke goro, ka sauka a Kano ka canza mota, jakarka tana but an ɗora mata buhun wake. Abin da zai fito daga cikinta a Kaduna shi ne abin da za ka sa.

Shadda sarauniya ce, amma ba ta son tafiya. Ƙyallin da ake so a jikinta daga sitati da bugu yake zuwa, masu bugu su ɗora ta a kan gungume su yi ta dukanta har ta ɗauki sheƙi. Duk inda ta karye, layin zai zauna. Mai wanki a otal kuwa bai san bugu ba. Injin wanki ya sani da dutsen guga mai tururi, kuma tururi da ruwan zafi su ne maƙiyan sheƙin shadda. Mutum ya sayi Getzner, wadda ake saƙawa a ƙasar Ostiriya, da kuɗin da ya kai na tunkiya, ya miƙa wa mai wankin otal, a dawo masa da ita laƙwas kamar zanin gado. In dole sai ka tafi da shadda, saboda ɗaurin aure ko ganin wani babba, to ka bar ta a ninkin mai bugu, ka sa ta a leda, ka shimfiɗa a can saman kaya, ka sa ta sau ɗaya, ka dawo da ita gida a wanke.

Lilin yana da sanyi a jiki, ya dace da zafin Afrilu, sai dai kafin ka tashi daga kujerar farko ya yamutse. Boyel ba nauyi, yana bushewa da wuri, amma fari sol ɗin yana nuna singileti da duk abin da ke aljihu, kuma ɗigon miya ɗaya ya gama da shi. Abokin tafiya na gaskiya shi ne yadi mai ɗan nauyi da aka gauraya auduga da zaren roba, irin wanda ya cika rumfunan Kantin Kwari. Gwajinsa ba wuya. Kafin ka saya, damƙe gefensa a tafin hannu, ka ƙirga goma, ka saki. In ya miƙe da kansa, na tafiya ne. In ya zauna a dunƙule, na zaman gida ne.

Launi ma a duba. Ruwan toka, shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa, kore mai duhu, waɗannan suna ɓoye ƙura da zufa. Fari na Juma'a ne da Idi. A lokacin hunturu musamman, daga Disamba zuwa Janairu, wanda ya shiga motar haya da farar riga zai sauka da ja.

Guda nawa? Ga kwana huɗu, abin da na ce wa ɗan yayata shi ne kaftani uku: ɗaya a jikinsa na hanya, wanda zai sake sawa ranar dawowa, biyu a jaka. Sai jallabiyar da muka ambata. Singileti da gajeren wando kuwa na kowace rana, domin su ne suke shan zufa, kuma su ne ke sa a iya maimaita kaftani ba tare da na kusa ya toshe hanci ba. Da isarka ɗaki, kafin ka kunna talabijin, ciro kayan ka rataye. Wanda ya ɗan yamutse ka rataye shi a banɗaki lokacin da kake wanka da ruwan zafi, tururin zai sassauta shi. Wannan dabarar ban da shadda.

Abu ɗaya da ba wanda yake tunawa: sanyi. Mutum ya baro zafin Gaya ya shiga zauren taro da aka ƙure na'urar sanyaya ɗaki tun safe, kafin azahar haƙoransa na kaɗawa. Falmaran ko 'yar suwaita mara nauyi da za ta shiga ƙarƙashin kaftani ta wadatar. Mai zuwa Jos da hunturu kuwa ya ƙara da safa.

Hula da takalmi

Hula ita ce sa hannun Bahaushe. Kaftani mai araha da zanna bukar mai tsabta ya fi shadda mai tsada da hular da gefenta ya yi baƙi da maiƙo. Ka kai wanki da wuri, domin wankin hula da ɗora ta a kan gungume ta bushe ba aikin yini ɗaya ba ne, in ba haka ba ya kai ka dare. Biyu sun isa, masu launin da zai hau kowace riga da ka ɗauka. Wajen shiryawa, ka zura ɗaya cikin ɗaya, ka cusa safa ko singileti a ciki don kada ta lotse, ka sa a tsakiyar jaka.

Takalmi biyu. Sau-ciki ko takalmin fata mai kyau na fita, da silifas na roba na banɗaki da alwala. Silifas ɗin kada ya wuce ƙofar ɗaki. Ƙarar fal-fal ɗinsa a kan tayil ɗin falo tana isa ko'ina. Hunturu kuma yana fasa dunduniya, ga shi takalmanmu yawanci a buɗe suke ta baya. Ɗan man kaɗanya ko basilin da daddare ya fi sabon takalmi amfani.

Jakar uwargida

Mata sun fi mu sanin kayansu, don haka ba zan yi musu dogon wa'azi ba. Abu uku kawai na lura da su a tafiye-tafiyen da na yi da iyali. Atamfa ta fi leshi jure hanya nesa ba kusa ba. Leshi mai duwatsu yana da nauyi, yana kama zaren duk abin da ya taɓa a jaka, ga shi a jirgin ƙasashen waje yawanci kilo 23 ne iyakar akwati ɗaya. Na biyu, mayafi biyu masu launi ɗaya ɗaya, marasa zane, sun fi biyar masu ado, domin za su hau kowace atamfa. Na uku, gwal. In ba biki za a je ba, a bar shi a gida. In kuwa an tafi da shi, akwatin ƙarfen da ke cikin kabad don shi aka ajiye.

Mai fita waje kuma ta tambayi dokar inda za ta. A Faransa, alal misali, tun 2011 an hana rufe fuska a wuraren jama'a, amma hijabin da ya bar fuska a buɗe ba laifi ba ne a titi ko a otal.

Turaren da ya tashi bene guda

Wannan ni ya faru da ni, kuma har yau in na tuna sai na ji kunya. Wata shekara na sauka a wani otal a Abuja. Mai ɗakina ta saka mini turaren wuta a jaka, ni kuma na ga rigar da zan sa gobe ta ɗauki warin jaka. Na kunna ɗan gawayi a kasko, na zuba turare, na kifa riga a kan kujera yadda na ga ana yi a gida. Ban lura da ɗan farin abin da ke manne a silin ba. Kafin minti biyar ƙararrawa ta ɗauka, masu gadi biyu suka hawo a guje, maƙwabta suka firfito, ni kuma ga ni tsaye da singileti cikin hayaƙi ina ba da haƙuri. A ranar na koyi darasi biyu a lokaci guda, na turare da na jallabiyar bakin ƙofa.

A turara kaya tun a gida, a ninke, a sa a leda, ƙamshin zai kai kwanaki. A otal, ɗan turaren shafawa ko humra ya isa. Shi ma a sassauta hannu, domin lifta ɗaki ne ƙarami, abin da ya yi daɗi a filin Idi yana iya shaƙe mutum shida a cikinta.

In tafiyar ta Makka ce

Ga mafi yawan mutanen Kademi da Ajingi, otal na farko da za su taɓa kwana a ciki a Madina yake ko Makka. A nan an sauƙaƙa: hukumar alhazai tana ba da yadin yunifom, harami kuwa ƙyalle biyu ne farare marasa ɗinki, sarki da talaka duk ɗaya. Amma ɗaki ɗaya mutum huɗu ko fiye, waɗanda wataƙila ba ka taɓa gani ba, saboda haka ko turakar ma ta zama ta tarayya, sai a yi kayan barci masu rufe jiki. Yunifom ɗin kuma kada a raina shi. Tsohon da ya ɓace a cikin dubban mutane, da wannan yadin ake gane shi a mai da shi masaukinsa.

Ɗan yayata dai ya je Kaduna da kaftaninsa uku da hula biyu, kwat ɗin tana can a kabad ɗin mai ita. Da ya dawo na tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce kaya kam ba wanda ya tanka masa. Abin da ya ba shi wahala daban ne: katin buɗe ƙofa da ya ƙi aiki, banɗakin da babu buta, da ruwan roba da ya sha daga firij yana zaton kyauta ne sai da aka kawo masa takardar kuɗi. Waɗannan su ne za mu ɗauka ɗaya bayan ɗaya a babi na gaba, tun daga lokacin da aka miƙo maka makulli.